Na ba malamina kalmar sirrina, yanzu laburaren jami'a ya rufe mini ƙofa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, ina koyarwa a wata kwaleji a Arewa. Bara na samu tallafin karatu na taho Ingila yin digiri na biyu a fannin kimiyyar zamantakewa, maigidana da yara suna gida. Kundina a kan adashin matan aure ne a cikin birnin Kano, kuma farkon Satumba zan miƙa shi.

Damuwata biyu ce, kuma sun haɗe mini wuri guda. Ta farko, a babin bitar ayyukan da suka gabata na rubuta cewa ba a yi wani rubutu sosai a kan adashi ba. Baturiyar da ke duba aikina ta ja layi a ƙarƙashin jimlar, ta ce ba haka ba ne, in koma laburare. Wallahi Anti na nema. In na rubuta adashi a shafin laburaren, abu biyu ko uku ne ke fitowa, su ma ba su shafi aikina ba. In na ga maƙala a Google sai a ce in biya. Sau biyu ina cire fam 35 daga kuɗin abincina. Kunya ta hana ni tambaya, don 'yan ajinmu kamar da sanin abin aka haife su.

Ta biyun ta fi tayar mini da hankali. Akwai malamina na jami'a a gida, shi ya rubuta mini takardar shaida har na samu gurbin nan, tamkar uba yake a wurina. Yana digiri na uku. Ya ce in ba shi sunan shigata da kalmar sirrina ya sauke 'yan maƙalu. Na yi jim, maigidana ya ce ai ba a hana malami irin wannan. Na ba shi, ashe shi ma ya ba ɗalibansa. Makon jiya aka rufe asusuna, aka aiko mini imel cewa an sauke ɗaruruwan maƙalu cikin kwana biyu daga wata ƙasa, in zo in yi bayani. Yau kwana biyar ban amsa ba. Wata ƙawata ta ce in ce sace kalmar aka yi. Jiya kuma Malam ya turo saƙo wai kalmar ta daina aiki, in turo sabuwa. Ba na iya barci. Ina tsoron a kore ni, ina tsoron Malam ya ce na yi masa butulci.

Daga wata 'yar'uwa a Ingila

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwana biyar ɗin nan da kika yi ke kaɗai a ɗaki, imel na gabanki, babu wanda za ki juya ki gaya wa. Tun daga Janairun 2024 Ingila ta daina barin yawancin masu digiri na biyu irin na aji su taho da iyalinsu, don haka mata da yawa irinki suna can suna ɗauke da karatu da kewar yara a lokaci guda. Allah ya sassauta miki. Abin da kika yi kuskure ne, amma daga kunya da girmama na gaba ya fito, kuma irinsa yana gyaruwa idan aka tare shi da wuri.

Mu fara da imel ɗin, domin sauran duk a bayansa suke. Ki amsa shi yau, kafin ki kwanta. Zai rage miki fargaba idan kika san abin da ya sa aka rufe asusun. Mujallun da kike gani a shafin laburare haya jami'a take yi daga kamfanonin ɗab'i, a kan yarjejeniyar cewa ɗalibanta da ma'aikatanta kaɗai za su shiga. Na'urorin kamfanonin suna ƙirga abin da ake saukewa. Da sun ga an kwashi ɗaruruwa cikin ɗan lokaci, suna iya toshe jami'ar gaba ɗayanta, daga farfesa har ɗan aji ɗaya, sai ta gano asusun da abin ya fito ta rufe shi. Rufewar da aka yi miki ke nan: matakin farko ne na kare sauran jama'a, hukunci bai zo ba tukuna. Mutanen da suka aiko miki da saƙon suna so su ji yadda aka yi ne, su tabbatar ba zai sake faruwa ba, su rubuta wa kamfanin cewa an magance. Kowace rana da kika ƙara kina shiru tana sa su zaci abin ya fi haka girma.

Ƙawarki tana ƙaunarki, shi ya sa ta nemo miki mafita, amma kada ki bi shawararta. Jami'a tana da bayanin kowace shiga: daga wace ƙasa, da ƙarfe nawa, a kan na'urori nawa. Za su ga an shiga daga ƙasarki, watakila ma daga garin da kika rubuta a takardunki, kuma za su ga maƙalun da aka sauke na fanni ɗaya ne ko makusanta. In kika ce sata aka yi, sai su buɗe binciken tsaro, su yi miki tambayoyin da kowace amsa za ta buƙaci wata ƙaryar. A jami'o'in Ingila rashin gaskiya a gaban bincike ya fi ba da kalmar sirri nauyi nesa ba kusa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki rubuta musu layi huɗu ko biyar: kin ba wani tsohon malaminki da ke ƙasarku kalmar don ya karanta maƙalu kaɗan, ba ki san zai ba wasu ba, yanzu kin gane kin saɓa ƙa'ida, kin yi nadama, kuma a shirye kike ki zo ganawa. Ba dole ne ki kawo sunan Malam ko na jami'arsa ba matuƙar ba a tambaye ki ba.

Kafin ganawar, ki je ofishin ba da shawara na ƙungiyar ɗalibai. Kusan kowace jami'a a Ingila tana da shi, kyauta ne, ba a ƙarƙashin hukumar makaranta yake ba, kuma aikinsu ke nan: su karanta miki dokar amfani da kwamfutocin jami'ar, su gaya miki matakan da ake bi, sau da yawa ma su raka ki su zauna tare da ke. Ba zan yi miki alkawarin abin da za a yanke ba, domin kowace jami'a da dokarta. Abin da aka fi gani ga wanda ya yi karon farko kuma ya faɗi gaskiya shi ne gargaɗi da sabunta kalmar sirri. Idan maganar biza ce ke hana ki barci, akwai masu ba ɗaliban ƙasashen waje shawara a kan wannan kaɗai; ki tambaye su kai tsaye maimakon ki kwana kina ƙiyasi. Ki kuma sanar da mai duba aikinki da bakinki, a taƙaice, kafin ta ji daga wani wuri. Idan rufewar ta ci miki kwanaki, akwai hanyar neman ƙarin lokacin miƙa kundi, kuma ita ce za ta nuna miki ƙofar.

Akwai abin da nake so ki lura da shi sosai. Kalmar da kika bayar ba laburare kaɗai take buɗewa ba. A yawancin jami'o'i ita ce ta imel ɗinki, da shafin makinki, da wurin miƙa aiki, da rajistar da ke ɗauke da adireshinki da bayanan fasfonki. Yanzu tana hannun mutanen da ba ki san adadinsu ba, watakila ta shiga wani zauren WhatsApp. Idan da ita kike amfani a banki ko Gmail ko Facebook, ki canza su yanzu, tun kafin ki gama karanta wannan amsa.

Sai Malam. Ina so mu yi masa adalci. Mutumin da ke digiri na uku a gida, albashinsa na naira, ana buƙatar ya karanta abin da aka buga bara a mujallar da maƙala ɗaya a cikinta ta kai kuɗin cefanen mako, kuma ƙarin girmansa ya rataya a kan abin da ya wallafa, ba mugunta ce ta sa ya roƙe ki ba. Zai yiwu a ganinsa kalmar sirrin laburare kamar aron littafi ce, ka karanta ka ba na kusa da kai. Ɗalibansa ma ƙishirwa ce ta sa suka yi ta kwasa. Amma amana ya karɓa daga hannunki, ya miƙa ta ga wasu ba da saninki ba, kuma ke ce za ki tsaya gaban kwamiti. Wannan gefen ma gaskiya ne, kada girmansa ya sa ki share shi. Abin da nake zato shi ne har yanzu bai san abin da ya faru ba, tunda ga shi yana neman sabuwa hankalinsa kwance.

Ki kira shi, kada ki rubuta. Irin wannan magana da babba murya take so. Bayan gaisuwa ki ce masa: “Allah ya gafarta Malam, wata matsala ce ta taso. Makaranta ta gano an shiga asusuna daga gida an sauke maƙalu da yawa, sun rufe shi, sun kira ni bincike. Karatuna na cikin haɗari, kuma sun hana ni sake ba kowa. Ina roƙon Malam ya sa yaran su goge kalmar, ya kuma sa ni a addu'a. In Malam ya turo mini sunayen maƙalun da ya fi buƙata, zan nemo masa ta hanyar da ba za ta jawo matsala ba.” Babu zargi a ciki, babu ƙarya, kuma kin bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Malamin da ya zauna ya rubuta miki takardar shaida yana son ya ga kin dawo da digirin nan; ina kyautata zaton istigfari za ki ji yana yi kafin ki rufe baki. In kuma ya yi fushi, ki ƙyale fushin ya huce da kansa, ki ci gaba da gaishe shi ranar Juma'a kamar yadda kika saba. Sabuwar kalma dai ba za ta fita daga hannunki ba.

Maigidanki ma da kyakkyawar niyya ya yi magana, da ma'aunin gida ya auna. Kada ki ɗora masa laifi a waya, nisan da ke tsakaninku ya isa. Ki karanta masa imel ɗin ya ji da kunnensa, sannan ki ba shi aiki: ya taka ya je ya gaida Malam, ya ƙara yi masa bayani irin na maza. Zumunta a ƙafa take, kuma ziyararsa za ta ɗinke abin da kiran waya daga Ingila ba zai iya ba.

Alkawarin da za ki yi wa Malam na nemo masa maƙalu ba na baka ba ne, akwai hanyoyi na halal da yawa da shi kansa zai iya bi daga gida. JSTOR, wani babban rumbun maƙalu na intanet, tana barin kowa ya buɗe asusu kyauta ya karanta maƙalu har 100 a wata a kan allo. Akwai Unpaywall, ƙaramar manhaja da ake liƙa wa burauza, wadda ke nuna alamar ɗan kwaɗon ƙofa kore idan akwai kwafin maƙalar da marubucin ya ajiye kyauta bisa ƙa'ida. Akwai CORE da ke tattaro irin waɗannan kwafe daga rumbunan jami'o'in duniya, da DOAJ da ke jera mujallun da ba a biya, da AJOL wadda tun 1998 take tara mujallun Afirka. Akwai kuma Research4Life, haɗin gwiwar hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da kamfanonin ɗab'i, wanda ke ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi dubban mujallu kyauta ko da rangwame. Wani reshensa, GOALI, an buɗe shi a 2018 don shari'a da fannonin da ke kusa da ita. Malam ya shiga laburaren jami'arsu ya tambaya ko suna da rajista, domin sau da yawa kalmar shiga tana nan a aljihun teburin wani ma'aikaci, ba wanda ya zo nema. Sannan hanya mafi tsufa: ya rubuta wa marubucin maƙalar imel na layi uku. Masu bincike suna murna da wanda ya nemi aikinsu, balle malami daga wurin da suka yi rubutu a kansa. Ke kuma idan an buɗe miki asusu, ki tambayi ma'aikatan laburare ko yarjejeniyarsu ta yarda a aika wa abokin bincike maƙala ɗaya ko biyu, domin wasu yarjejeniyoyin sun yarda, wasu ba su yarda ba. Idan wani ya ce muku ga Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu kyauta ba da izinin masu su ba, ki sani a 2021 'yan sandan birnin Landan sun gargaɗi ɗalibai da jami'o'i a kansa, musamman saboda satar kalmomin shiga. Mai ganawa a gabanta ba ta kusantar wannan.

Yanzu mu dawo kan kundinki, wanda shi ne ya kai ki can. Mai duba aikinki ta yi gaskiya, kuma labari ne mai daɗi: an yi rubutu a kan adashi fiye da abin da za ki iya karantawa kafin Satumba. Abin da ya faru shi ne kin kira shi da sunansa na gida, su kuwa rumbunan maƙalu da sunan da masana suka raɗa masa suka san shi. A Turance sunansa rotating savings and credit association, a taƙaice ROSCA. Ki rubuta wannan ki ga yadda shafin zai cika. William Bascom ya yi rubutu a kan esusu na Yarabawa tun 1952. Clifford Geertz ya fitar da maƙalarsa a 1962, ya faro daga irin adashin mutanen Java a Indonesiya. Shirley Ardener ta kwatanta ire-irensa a ƙasashe da dama a 1964, kuma ma'anar da ta ba shi har yau ita ake yawan kawowa. A 1993 Besley da Coate da Loury suka duba shi da idon masana tattalin arziki. Waɗannan huɗun su ne ƙofar gidan. Ki sa kowannensu a Google Scholar, shafin Google na neman rubuce-rubucen masana, ki danna inda aka nuna waɗanda suka ambace shi, sannan ki tace da kalmar Nigeria ko Hausa ko women. Daga tsohuwar maƙala kina gangarowa zuwa sababbi. Daga manazartar sabuwar maƙala kina haurawa zuwa tsofaffi. Mai bin wannan igiya ba ta rasa abin karantawa.

Abu ɗaya yana da sunaye da yawa, kuma kowane suna yana buɗe wani ɗaki. Mu muna cewa adashi, wasu marubuta suna rubuta adashe, Yarabawa suna da esusu da ajo, a Ghana susu, a Kamaru njangi, a ƙasashen renon Faransa tontine. Ki jera su a akwatin bincike, ki sa OR da manyan haruffa a tsakaninsu, ma'ana ko wannan ko wancan. Sannan ki haɗa jerin da AND da Kano ko Hausa, ma'ana dole su zo tare. Jimla mai kalmomi da yawa, irin northern Nigeria, ki sa ta tsakanin alamun zance don kada na'ura ta wargaza ta. Kuma kada ki tsaya a babban akwatin da ke fuskar shafin laburare, wanda yake kamar bakin kasuwa. Ki shiga jerin rumbunan ɗaya bayan ɗaya. JSTOR ta fi ƙarfi a tsofaffin ayyuka, domin yawancin mujallunta tana jinkirta sababbin fitowa da shekaru kaɗan. Scopus da Web of Science su ne za su nuna miki sababbi da kuma wanda ya ambaci wane. ProQuest tana da kundayen digiri, kuma babin bita na kundin digiri na uku mai kyau taswira ce da wani ya riga ya zana miki.

Akwai wani ɓangaren da zai ɗaga aikinki sama da na wanda ya san ROSCA kawai. Adashin matar aure a Kano ba ya rabuwa da kulle, da sana'ar cikin gida, da tallan yara, da biki da kayan ɗaki. Masu binciken da suka zauna a ƙasar Hausa sun taɓo wannan duniyar ko da kalmar adashi ba ta fito a kan taken aikinsu ba. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, kuma a 1969 ta yi maƙala a mujallar Man a kan cinikin da mata ke yi daga cikin gidajensu, wanda mai ƙirga kasuwa ba ya gani. Enid Schildkrout ta yi aiki a cikin birnin Kano a shekarun 1970 a kan yadda yara masu talla ke haɗa matan kulle da kasuwa. Renée Pittin ta yi nazarin mata da sana'a a Katsina, Barbara Cooper kuma ta yi a kan aure da musayar kayan biki a Maraɗi. Ki nemi waɗannan sunaye, ki duba fihirisar littattafansu. Kuma ki tsallaka iyaka: a Nijar ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a 1991, wanda ya ginu a kan al'adar tara kuɗi ta mata, daga baya ya zama tsarin da aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. Rubuce-rubucen Nijar da dama da Faransanci suke, a rumbunan Persée da Cairn da OpenEdition, da kuma rahotannin cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai. Ko ba kya jin Faransanci, tsakuren maƙala, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkonta, yakan zo da Turanci, kuma shi kaɗai zai gaya miki ko ta cancanci wahalar fassara. Kundayen ɗaliban Bayero da na Ahmadu Bello ma suna da abin da Bature bai gani ba. A nan ne Malam zai iya rama miki alheri, domin shi yana kusa da kantocin da suke jere.

Idan kina son alƙaluma, binciken Global Findex na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2011, yana tambayar mutane ko suna ajiya ta ƙungiyar adashi, kuma wata ƙungiya mai suna EFInA tana binciken yadda 'yan Najeriya ke mu'amala da kuɗi tun 2008. Dukansu ana samunsu kyauta.

Fam 70 ɗin da kika biya sun yi mini ciwo, domin kusan tabbas kin riga kin biya kuɗin maƙalun nan a cikin kuɗin makaranta. Shafin kamfanin ɗab'i bai san ke ɗaliba ba ce idan daga Google kika faɗo masa. Ki nemi inda aka ce a shiga ta hanyar makaranta, ki zaɓi jami'arki, sai farashin ya ɓace. A cikin saitin Google Scholar akwai wurin da ake sa sunan laburaren jami'a. Da kin sa, duk maƙalar da kuke da ita za ta fito da mahaɗi a gefenta. Wadda kuma ba ku da ita, akwai sashen aro tsakanin laburare da laburare: ki cike fom, su nemo miki daga wani laburaren, yawanci cikin 'yan kwanaki, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Daga yau kada ki sake sa katin bankinki a shafin mujalla.

Game da kunyar tambaya kuwa, 'yan ajinku ba da sanin abin aka haife su ba. An koya musu a shekarar farko ta digirinsu, a wani zama na awa ɗaya da ku ba a yi muku ba, domin inda kika yi naki karatun ba a biya kuɗin rumbunan ba balle a koyar da su. Wannan giɓin na tsari ne, ba na ƙwaƙwalwarki ba. Kowace tsangaya tana da ma'aikacin laburare da aka ware mata, wanda aikinsa ke nan ya zauna da ɗalibi ɗaya na rabin awa ko fiye ya nuna masa yadda ake nema. Ana yin rajistar ganinsa a shafin laburare. Na san za ki ce da wane ido za ki kalle su bayan abin da ya faru. Da idon ɗalibar da ta amsa kuskurenta ta kuma zo koyo, kuma ma'aikatan laburare ba su da baƙon da suka fi so kamar wannan. Ki tafi da taken kundinki da jerin sunayen adashin nan a rubuce. Ke ma kina da abin da za ki koya musu, domin ba lalle su san cewa akwai uwar adashi, da zubi, da kwasa, da yadda ake sa wa mai aurar da 'ya kwasarta ta zo daidai da biki ba.

Abu biyu ki kiyaye yayin da maƙalu suka fara yawa. Ki sauke Zotero, manhajar tara maƙalu da tsara manazarta, kyauta ce, ki riƙa jefa kowace maƙala a ciki tun ranar da kika same ta, tare da layi biyu da kalmominki a kan abin da ta ce da inda za ta shiga a babinki. Ita za ta jera miki manazarta a ƙarshe, kuma za ta biyo ki gida bayan jami'a ta rufe asusunki na ɗaliba. Sannan idan kika tambayi ChatGPT ko makamancinsa ya ba ki sunayen maƙalu, ki sani yana iya ƙirƙiro wadda ba a taɓa rubutawa ba, da sunan marubuci na gaske da shekara da lambar shafi. Duk abin da ba ki buɗe da idonki kin karanta ba, kada ya shiga kundinki.

Lokacin da ya rage miki zai isa in kin tsara shi. Ba kowace maƙala ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba: tsakure, gabatarwa, kammalawa, sannan ki yanke ko za ki shiga cikinta. Mako biyu na irin wannan karatu, maƙala uku ko huɗu a rana, zai ba ki abin da za ki sake gina babin da shi. Jimlar da aka ja wa layi kuma za ta canza da kanta. Maimakon ki ce ba a yi rubutu ba, za ki iya cewa ga abin da masana tattalin arziki suka gani, ga abin da masu nazarin matan Hausa suka gani, ga kuma abin da ya sauya tun da zubi ya koma ta waya da POS, wanda ke kika san shi daga cikin gida. Idan kafin a buɗe asusun kina son fara aiki, littattafan da ke kan kanta ba su buƙatar kalmar sirri, kuma asusun JSTOR na kyauta da na ce a nuna wa Malam ke ma zai yi miki aiki a daren nan.

Ki tura imel ɗin, ki ci abinci mai zafi, ki kira yaran ki ji muryarsu. Gobe da safe ofishin ƙungiyar ɗalibai, da yamma kiran Malam. Ki rubuto mini bayan ganawar in ji yadda aka ƙare, ina nan ina yi miki addu'a.